Rumfar Kasuwa Ko Zauren Gidanka? Darasi Daga Tarihin Audugar Funtuwa

Darasinmu na yau ba irin na "danna nan, shiga can" ba ne. Tarihi za mu taɓa, kuma rubutun yana da ɗan tsawo, don haka a gyara zama.

Duk matashin da ya koyi wata sana'a da waya ko kwamfuta, ko zanen tambari da fosta ne, ko fassara, ko gyaran bidiyo, ko gina shafukan intanet, akwai tambayar da ke jiransa a gaba: ina zan kasa hajata? In buɗe asusu a Fiverr ko Upwork, inda masu neman ma'aikata ke taruwa, ko in gina shafin intanet da sunana in riƙa tallata shi da kaina? Ana ta wannan muhawara kamar yau aka fara ta, alhali manoman Funtuwa da Malumfashi da Bakori sun fi shekara ɗari suna fama da irinta, sai dai su a kan auduga ce. Wanda ya san abin da ya same su zai gane abin da yake sa wa hannu ranar da ya amince da ƙa'idojin kowane dandali ba tare da ya karanta ba.

KAFIN ZUWAN SIKELI

Tun kafin Turawa, kudancin ƙasar Katsina wurin noman auduga ne. Tsohon garin Maska, wanda har gobe hakimin Funtuwa ke riƙe da sarautarsa ta Sarkin Maska, ya yi suna wajen saƙa. Mata su gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari, zare ya wuce hannun masaƙa, daga nan marina, daga nan fatake su yi gaba da tufafi. A wancan lokaci manomi yana da masu saye da yawa, kuma akasarinsu ya san fuskarsu.

Hanyar sayar da kaya iri biyu ce. Ta farko ita ce kasuwa. Ka kai kayanka ranar cin kasuwa, dillali ya shiga tsakani, in ciniki ya faɗa ya cire la'adarsa. Mutane da yawa suna ganin dillali a matsayin mai cin banza, amma akwai abin da yake sayarwa, wato amana. Baƙon da ya zo daga nesa bai san ka ba, kai ma ba ka san shi ba, dillali ne ya san ku duka biyu. A fataucin nesa kuwa akwai fatoma, wanda zai sauke baƙo a gidansa, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, in bashi za a ba da ya tsaya a kai. Wani masani, Abner Cohen, ya yi nazarin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan a shekarun 1960, inda masu gida Hausawa ke tsayawa tsakanin fataken shanu na Arewa da mahautan Yarbawa masu ɗaukar shanu bashi. In mahauci ya ƙi biya, mutuncin maigida ne a kan layi, shi ya sa falke ke iya barin shanunsa ya yi barci.

Hanya ta biyu ita ce cinikin gida. Wata masaniyar, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta rubuta cewa ɗimbin cinikin hatsi da abinci a ƙauyen Bahaushe a cikin gidaje ake yinsa, ta hannun matan aure da yaran da ke kai musu talla. Mu ba sai an gaya mana ba. Kowace unguwa tana da gidan mai ƙuli, da gidan mai daddawa, da gidan da ake awon gero. A nan babu la'ada, babu kuɗin rumfa, ribarka taka ce. Sai dai wanda bai san gidan ba ba zai taɓa sallama ba, kuma jarin gidan gaba ɗaya shi ne sunansa.

To ka riƙe waɗannan biyun a ranka. Fiverr da Upwork kasuwa ce mai dillali da fatoma. Shafinka na kanka cinikin gida ne.

DA JIRGI YA ZO

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke wa masaƙun Lankasha a Ingila audugar da suka dogara da ita, kuma ba su manta wannan wahala ba. A 1902 suka kafa ƙungiyar BCGA a Manchesta domin a noma musu auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka. Arewacin Najeriya na cikin manyan wuraren da suka sa wa ido, kuma begen auduga na cikin dalilan da suka sa aka ja layin dogo har Kano, inda ya isa a 1911.

Sai dai lissafi bai fito yadda suka so ba. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Ita kuma audugar da aka noma, sau da yawa masaƙan gida sukan saye ta da tsada fiye da yadda Bature ke tayawa. Ka ga amfanin ƙofa biyu ke nan: manomin da ke da wani mai saye a unguwarsu yana iya ce wa kamfani "albarka" ya juya da jakinsa.

Haka ma wajen 'yan kasuwa. Alhassan Ɗantata, kafin ya zama mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa a 1918, ya riga ya yi suna a fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja, yana da yaransa da abokan hulɗarsa. Ya shiga tsarin Turawa ya ci moriyarsa, amma da mutanensa ya shiga, kuma hanyoyin da kaya ke bi su zo sikeli nasa ne.

Da Kano ta tafi ga gyaɗa, sai harkar auduga ta fi karkata ga ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Gusau. Aka ja reshen dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, aka kammala shi a 1929. Aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, ana raba wa manoma irin Allen da aka samo daga Amurka. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna a garuruwan bakin dogo. Funtuwa ta tashi daga ƙaramin gari ta zama cibiyar ciniki, baƙi daga ko'ina suka zo suka zauna.

Da wannan ci gaba ne sabuwar doka ta zo. Audugar da za a fitar waje ba a sayen ta ko'ina sai a kasuwannin da hukuma ta ware, a lokacin da ta ware. Malamin duba auduga ya buɗe kayanka ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, a ɗora a sikeli, a biya ka. Kada mu yi wa tsarin rashin adalci, yana da daɗinsa. Iri yana zuwa, mai saye tabbas ne, kuɗi a hannu, a biya haraji a yi hidimar gida. Abin da manomi ya rasa a hankali shi ne bakin magana. Sikeli ba nasa ba ne, lamba ba shi ke sa ta ba, kuma wanda zai saƙa audugar a ƙarshe bai san da zamansa a duniya ba.

ZAMANIN HUKUMAR SAYE

A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta Najeriya, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukuma ce ke yanke farashi kafin kaka, wakilanta masu lasisi su saya a madadinta, ita kuma ta sayar a kasuwar duniya ko ga masaƙun cikin gida irin su masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957. Ratar da ke tsakanin abin da aka ba manomi da abin da aka sayar tana zama a asusun hukuma. An yi ayyukan raya ƙasa da wani ɓangare na kuɗin, wannan gaskiya ne, amma ba a tambayi manomi nawa za a cire ba.

A 1977 gwamnatin tarayya ta sake fasalin abin, ta kafa hukuma guda ga kowane amfanin gona. Ta gyaɗa ta zauna a Kano, ta koko a Ibadan, ta hatsi a Minna, ta auduga kuwa aka kawo hedikwatarta nan Funtuwa. Wato garin ya zama babban birnin auduga na Najeriya baki ɗaya. Shekara biyu kafin nan, a 1975, shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa ya fara aiki, ɗaya daga cikin ukun farko a ƙasar tare da na Gusau da Gombe. Shi ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara a yankin. A lokacin ba kowa ya lura ba, amma masarar nan ita ce ƙofa ta biyu da ta ceci gidaje da yawa daga baya.

RANAR DA KASUWA TA WATSE

A 1986 gwamnatin Janar Babangida, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki da aka sani da SAP, ta rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya. Tsarin da manomi ya gada daga ubansa ya tashi cikin shekara guda. Wanda ke kula da tsaftar iri ya tafi, wanda ke tsaron inganci ya tafi, farashin da ake sani tun kafin shuka ya tafi. 'Yan kasuwa masu zaman kansu suka shigo, wata shekara a yi rububi, wata shekara a rasa mai tayawa. Daga baya masaƙun Kaduna da Kano suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda rashin wuta da kwararowar atamfofin waje, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007.

Manomin auduga ya yi shekaru yana kai kaya mai kyau, amma da aka naɗe sikeli ba shi da sunan mai saye ko ɗaya da zai nema da kansa. Duk lamba ɗayan da ya tara tana cikin littafin hukuma, ta tafi da abinta. Wanda ya samu sauƙi shi ne mai masara da dawa da waken suya, domin su suna da kasuwa irin ta Ɗandume, inda masu saye ke zuwa daga sassan ƙasar nan da motocinsu, in wannan bai saya ba wancan zai saya, kuma in duk sun ƙi a kai rumbu a ci.

Kayan aro ba ya rufe katara. Abu uku manomi ya yi ta amfani da su na aro ne: sikeli, farashi, da mai saye.

KASUWA TA KOMA CIKIN WAYA

Yanzu mu tsallako zamaninmu. Kasuwannin aiki na intanet sun fara ne a Amurka. Elance ta buɗe a 1999, oDesk ta biyo baya a 2003, suka haɗe a ƙarshen 2013, a 2015 suka ɗauki sunan Upwork. Freelancer ta fito daga Ostareliya a 2009. Fiverr kuwa a 2010 Micha Kaufman da Shai Wininger suka kafa ta a Tel Abib, kuma sunan ya samo asali ne daga dala biyar, domin da farko kowane aiki dala biyar ne farashinsa. Mu a nan wayar salula ta shigo a 2001, amma sai da wayoyin Android masu araha suka yawaita, data ta ɗan sauko, sannan matashin Malumfashi ya fara tunanin zai iya yi wa mutumin Landan aiki daga ɗakinsa.

Duba yadda abin ya yi kama da na da. Mai ba da aiki yana zuba kuɗi a hannun dandali tun kafin ka fara, ba a sakar maka sai ka gama, shi ma ba ya tsoron ka gudu da kuɗinsa. Wannan aikin fatoma ne sak. Kuma ga ɗan Najeriya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin 'yan damfara sun riga sun ɓata mana suna a idon duniya. Baturen da ba zai taɓa tura wa baƙon ɗan Najeriya ko sisi kai tsaye ba, zai ba shi aiki a Upwork saboda akwai mai tsayawa a tsakani. Haka wajen karɓar kuɗi. Da PayPal ta shigo Najeriya a 2014, ƙofar biya kawai ta buɗe mana, ta karɓa ta bar ta a kulle, aka shafe shekaru a haka. Dandalin aiki da kamfanoni irin su Payoneer ne suka zama hanyar da dala ke bi ta iso asusun banki.

La'ada kuma tana nan. Fiverr tana cire kashi 20 cikin ɗari, wato aikin dala 100 dala 80 ce taka, kuma sabon mai sayarwa yakan jira kwana 14 kafin kuɗin su zama na cirewa. Upwork ta sha sauya nata lissafin. A 2016 ta ce kashi 20 a dala 500 ta farko da kowane mai ba da aiki, kashi 10 har zuwa dala 10,000, kashi 5 daga nan sama. A 2019 ta mai da tikitin neman aiki na kuɗi, wato sai ka biya kafin ma ka ce "ga ni". A 2023 ta mai da la'ada kashi 10 ga kowa, a 2025 ta sake sauyawa zuwa tsarin da ke hawa da sauka gwargwadon aiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi shawara da kai. Sanarwa kawai za ka gani a imel, kamar yadda manomi ke jin farashin bana a bakin mai shela.

Taurarin da masu ba da aiki ke ba ka su ne lamba ɗaya da lamba biyu na yau. Na'urar da ke jera sunaye, ta sa wani a shafin farko ta jefa wani a na hamsin, ita ce malamin sikeli, kuma ba ka da inda za ka je ka yi mata bayani. Taurarin nan ba sa bin ka ko'ina. In ka tara ɗari biyar a Fiverr ka koma Upwork, daga sifili za ka fara. In an rufe asusunka, sun tafi ke nan. Kuma ana iya rufe ƙasa guda a dare ɗaya: a watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, Upwork ta dakatar da harkokinta a Rasha da Belarus, ƙwararrun da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka wayi gari ba rumfa.

Akwai kuma doka mai muhimmanci. Mutumin da ka samu a dandali ba naka ba ne. Fiverr ta hana ka jan sa waje ku yi ciniki, Upwork ta sa wa'adin shekara biyu sai dai in an biya kuɗin fansa. Wannan shi ne zagaye dillali, kuma ko a kasuwar Sheme ka zagaye dillali ka san abin da zai biyo baya. Tunda ka amince da sharaɗin, cika shi ya zama wajibi a kanka.

SHI KUMA ZAUREN GIDA FA?

Shafin kai ya girmi duk kasuwannin nan. Da Tim Berners-Lee ya fito da yanar gizo a 1991, tsarinta shi ne kowa ya kafa nasa shafi ya yi nuni zuwa na wani. Blogger ta zo a 1999, WordPress a 2003, suka sa wanda bai iya rubuta shirin kwamfuta ba ma zai iya mallakar shafi. A 2005 aka kafa NiRA mai kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng. Paystack ta zo a 2015, Flutterwave a 2016, karɓar kuɗi ta kati a shafin ɗan Najeriya ya zama abu mai sauƙi. Yau da wayar hannunka kaɗai za ka iya haɗa shafi mai sauƙi.

A shafinka kai ke yanka farashi, kai ke zaɓar aikin da za ka nuna, babu maƙwabcin rumfa da zai karya maka farashi a gefen hotonka, babu la'ada. Mafi girma duka, wanda ya zo ya zama naka: ka san sunansa, kana da lambarsa, gobe kana iya gaishe shi ka ce ga sabon abu.

Amma kada wani ya ruɗe ka da cewa da ka buɗe shafi aiki zai fara zuba. Sabon shafi kamar gida ne a bayan gari, babu mai wucewa ta ƙofarsa. Gidan mai ƙuli ma sai da yara suka yi ta yawo da faranti kafin a san shi. Kai ne za ka zama ɗan tallan kanka, a WhatsApp, a Facebook, a bakin mutanen da ka yi wa aiki. Adireshin shafi da ma'ajiyarsa haya ce ta shekara, in ka manta ba ka sabunta ba wani na iya saye sunan. Kuma babu fatoma. In mutum ya karɓi aiki ya kashe waya, babu wanda za ka kai wa ƙara, shi ya sa masu wayo ba sa ɗora hannu a aiki sai an ba da kafin alƙalami.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne mutum ya ɗauka shafinsa na Facebook ko TikTok shi ne gidansa. Wannan ma rumfa ce a kasuwar wani. Wa ya tuna 2go? Akwai lokacin da duk matashin Arewa mai Nokia yana can, yau ina abokan da aka tara? BBM ta rufe a 2019, Google+ ma a shekarar ta rufe.

SHEKARAR 2021 TA GWADA KOWA

In ana neman shekarar da ta nuna wa mutanen yankin nan gaskiyar lamari, 2021 ce. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A ƙarshen Agusta gwamnatin Katsina ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Malumfashi. A watan Satumba aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13, Funtuwa da Bakori da Malumfashi na ciki, sai wajen ƙarshen shekara aka fara maido da shi. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida, duniya ta ruɗe, mutanen Funtuwa kuwa da ma nasu a rufe yake.

A irin wannan hali mai rumfa da mai gida duk sun ji jiki, domin sai mutum ya yi tafiya zuwa inda ake samun sabis kafin ya buɗe saƙo. Amma akwai bambanci. Dandali yana auna saurin amsa saƙo da cika alƙawari a kan lokaci, kuma na'ura ba ta san an rufe sabis a Katsina ba. Abin da ta gani kawai shi ne ka yi shiru, sai ta tura ka baya ta ɗauko wani. Mutumin da ya san ka da suna, wanda kuka yi shekara biyu kuna hulɗa, shi za ka iya tura masa layi ɗaya daga inda ka samu sabis ka ce ga halin da ake ciki, ya ce Allah ya kyauta, zan jira.

TO YANZU INA AKA DOSA?

Tarihin nan bai ce a guji kasuwa ba. Ɗantata ma ya shiga. Abin da ya nuna shi ne wanda ke da ƙofa ɗaya shi ake yanka wa farashi. Ga yadda za ka auna naka:

1. Fara da tambayar waye mai sayenka. In aikinka fassarar Hausa ne, ko rubuta abin da aka faɗa a murya, ko naɗar murya, masu buƙatarsa yawanci kamfanonin waje ne, kuma a dandali suke nema. Shiga kasuwa, ka biya la'ada da zuciya ɗaya, domin amanar da ba ka da ita ce kake haya. In kuwa masu sayenka su ne mai shagon taki da maganin feshi a Funtuwa, da makarantar kuɗi a Malumfashi, da dillalin hatsi a Ɗandume, da mai mazarƙwaila a Ɗanja, to waɗannan ba za su taɓa neman ka a Fiverr ba. Su shafi mai sauƙi da lambar WhatsApp da shaidar wanda suka sani ita ke kawo su.

2. Ko kana cin kasuwa a dandali, sayi adireshi da sunanka ko na sana'arka tun yanzu. Shafi ɗaya ya isa a farko: wane ne kai, me kake yi, samfurin aiki biyar ko shida, da yadda za a same ka.

3. Duk aikin da ka gama, in mai shi ya yarda, ajiye kwafinsa a wurinka. Ka nemi izini kafin ka nuna aikin wani.

4. Ka buɗe littafin abokan ciniki: suna, lamba, imel, aikin da ka yi, ranar da ka yi. Na waɗanda ka samo da ƙafarka nake nufi, ban da na dandali. Ka ajiye shi a waya, ka kuma rubuta a takarda, saboda 2021.

5. Kada ka bar kuɗi su taru a asusun dandali. Da sun nuna, cire abinka.

6. A cinikin gida, karɓi rabi kafin ka fara, ku rubuta abin da kuka yi yarjejeniya a kai ko da a saƙon WhatsApp ne, har da sau nawa za a yi gyara.

7. Duk bayan wata uku ka zauna ka duba: kashi nawa na kuɗin da na samu ya fito daga wuri ɗaya? In kusan duka ne, to kana inda manomin auduga yake a 1985, komai na tafiya daidai, kuma ba a hannunka yake ba.

Funtuwa ba ta mutu da tafiyar hukumar auduga ba. Ta koma masara da waken suya, a 2024 ma aka buɗe mata tashar sauke kaya ta kan tudu. Garin ya tsira ne saboda mutanensa sun iya noma abu fiye da ɗaya, sun kuma san hanyar kasuwa fiye da ɗaya. Kai ma lokacin gina zaurenka shi ne yanzu da rumfa ke kawo ciniki, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A darasi na gaba za mu nuna yadda ake sayen adireshin .com.ng da waya, da yadda ake haɗa shi da shafi kyauta, mataki bayan mataki. Wanda ya san wani matashi da ke shirin fara wannan sana'a, ya tura masa ya karanta.